Yadda Ake Haɗa Amfilifaya Mai Bawul: EL84 Biyu Suna Jan Kaya Ɗaya

Bawul kwalbar gilashi ce mai ƙara ƙarfin sauti. Bawul ɗin EL84 guda ɗaya, idan aka ba shi 250V aka ɗora masa kaya (nauyin sifika kamar yadda bawul ke jin sa ta taransifoma) na om 5,200, yana fitar da sauti na wat 5.7 kamar yadda takardar masana'anta ta nuna. Wannan ya ishi ƙaramin ɗaki, amma a falo mai faɗi ko da sifika mai nauyin tashi sai ka ji ya fara shaƙewa tun kafin ka kai inda kake so. Hanya mafi sauƙi ta ƙara masa ƙarfi ita ce a kawo masa ɗan'uwa, a haɗa farantinsu, wato ƙarfen cikin bawul da sauti ke fita ta kansa, wuri ɗaya, a ba su sauti ɗaya, su ja kaya ɗaya tare. Ƙarfi zai kusa ninkawa, ya kai wat 9 zuwa 10, kuma ba ka buƙatar sashen raba sauti gida biyu irin na amfilifayar tura-ja, wadda bawul ɗaya ke turawa ɗaya yana ja.

Sai dai wannan haɗin ya wuce ɗaure ƙafa da ƙafa. Bawul biyu ba sa taɓa zama daidai wa daida ko da daga kwali ɗaya suka fito, kuma idan aka haɗa su kai tsaye, ɗaya zai danne ɗaya, ko kuma su biyun su shiga kaɗawa mai saurin da kunne ba ya ji har farantinsu ya yi ja. Yawancin aikin da ke ƙasa na hana waɗannan abubuwa biyu ne.

Kafin komai: a cikin wannan akwati akwai wuta ta kusan 300V, kuma kafasita tana riƙe ta bayan an zare filogi. Tana kisa. Wanda bai taɓa aiki da wutar gida ba, ya zauna kusa da wanda ya saba kafin ya sa hannu.

Abin da ke canzawa idan bawul ya zama biyu

Ka riƙe wannan lissafin, domin shi ne zai gaya maka kayan da za ka saya. Ƙarfin wutar ba ya canzawa, yana nan a 250V tsakanin faranti da katod, wato sashen da ake zafafawa a tsakiyar bawul. Yawan wutar da ake ja ne ke ninkawa: kowane bawul kusan 45mA a faranti da 5mA a raga ta biyu (raga siririyar waya ce da aka naɗa tsakanin katod da faranti), jimlar su biyun wajen 100mA. Kayan da ake ɗora musu kuma yana rabuwa biyu, daga om 5,200 ya koma om 2,500 zuwa 2,600. Hita, zaren da ke zafafa katod, ita ma ta ninka, kowane EL84 na cin amfiya 0.76 a 6.3V. Rezistan da ke riƙe raga ta ɗaya, inda sauti ke shiga, zuwa ƙasa (layin sifili na wutar) shi ma iyakarsa ta ragu da rabi, tunda yanzu ragogi biyu ne ke zubo masa 'yar wutarsu.

Wanda ya ɗauki taransifomar fita (mai miƙa sauti daga bawul zuwa sifika) ta bawul ɗaya, mai om 5,000 da 50mA, ya liƙa wa bawul biyu, ƙarfen cikinta zai ƙoshi da maganaɗisu, ganga, wato sauti mai kauri, ta dushe, ƙarfin da yake nema kuma ba zai samu ba.

Kayan aiki na layi ɗaya

Wannan jerin na sifika ɗaya ne. Mai son hagu da dama sai ya yi biyu, kowanne da akwatinsa ko kuma a akwati ɗaya da babbar taransifomar wuta.

Bawul: EL84 guda 2 da ECC83 guda 1. A Amurka sunan EL84 shi ne 6BQ5, na Rasha kuma 6P14P yana shiga gurbinsa. ECC83, wadda ke fara ɗaga sauti kafin ya isa EL84, ita ce 12AX7. Har yanzu ana ƙera su, misali kamfanin JJ Electronic a Sulobakiya. Ka nemi EL84 da aka gwada aka haɗa su biyu a matsayin tagwaye. Soket mai ƙafa tara guda 3, na tangaran ya fi jure zafi.

Taransifomar wuta: shiga 230V, fita 220V mai ɗaukar 250mA, da wata fitar 6.3V mai amfiya 3. Kada 250mA ta ba ka mamaki alhali 110mA kawai za a ja: idan dayod huɗu suna cika kafasita kai tsaye, naɗin yana ɗaukar kusan ninki 1.8 na abin da ake ja a gaba.

Taransifomar fita: om 2,500 zuwa om 8, wat 15, mai ratar iska, mai jure 100mA ko fiye. Cok, wato naɗin waya a kan ƙarfe mai tace wuta, na henri 5, 150mA.

Dayod 1N4007 ko UF4007 guda 4. Kafasita masu 450V: 47µF guda 2, 100µF guda 1, 22µF guda 1. Masu 25V: 220µF guda 2, 100µF guda 1. Kafasitar haɗi 47nF mai 630V, ta leda, guda 1. Ka zaɓi masu lambar 105°C. A zafin watan Afrilu, kusa da bawul, masu 85°C ba sa daɗewa.

Rezista: om 150 wat 2 guda 2, om 220 wat 1 guda 2, 2.2k ƙanana guda 2 (k na nufin om dubu, M kuma om miliyan), 2.2k wat 2 guda 1, 22k wat 1, 220k wat 2, 330k, 100k wat 1, 1.5k, 4.7k, 10k, 1M, om 100 guda 3. Sai makunnin ƙara mai lamba A100K, fis na amfiya 1 mai jinkirin tsinkewa, maɓalli, wayar wuta mai ƙafa uku, da akwatin alminiyam mai kaurin milimita 2, kamar santimita 30 da 20 da 6.

Taransifomar fita, idan naɗa ta za a yi

Ita ce ta fi komai tsada, kuma ita ce ke yanke hukuncin yadda sautin zai kasance. Idan ba a samu ta saye ba, mai naɗin taransifoma zai iya yin ta, amma dole ka zauna da shi, domin ta saba wa abin da hannunsa ya saba yi.

A taransifomar wuta ana saƙa ƙarafan E da I ne, ɗaya ta nan ɗaya ta can, don kada a bar rata. A nan akasin haka ake yi. Duk ƙarafan E su fuskanci gefe ɗaya, duk I su taru a dunƙule ɗaya, a sa takarda mai kaurin milimita 0.2 a tsakaninsu. Dalili kuwa, wutar 90mA tana bi ta naɗin farko kullum ta hanya ɗaya, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma in ba wannan ratar ƙarfen zai cika tun kafin sauti ya iso.

Ma'aunin da ke aiki: ƙarfe EI-86, tarin santimita 4. Naɗin farko zagaye 2,200 na waya milimita 0.25. Naɗin sifika zagaye 124. Rabon ya fito ne daga tushen 2,500 a raba da 8, wato kusan 17.7 da 1. Kada a naɗa na farkon gaba ɗaya sannan a ɗora na sifika a kai, sautin sama zai mutu. A yi shi hawa biyar: 550 na farko, 124 na sifika da waya 0.63, 1,100 na farko, wani 124 na sifika, sai 550 na ƙarshe. Kashi uku na farkon a haɗa su bi da bi, wutsiyar wannan da kan wancan. Kashi biyun sifika a haɗa su kai da kai, wutsiya da wutsiya, kuma zagayensu ya zama daidai cif, domin bambancin zagaye ɗaya tak yana sa su riƙa cin junansu. Tsakanin kowane hawa a sa takardar kariya mai kyau, ninki biyu ko uku. Idan an gama, mitar awon wuta za ta nuna wajen om 150 a naɗin farko.

Shirya akwati

Ka ajiye kayan a kan akwatin kafin ka huda ko'ina. Taransifomar wuta da cok a gefe ɗaya ta baya, taransifomar fita a ɗaya gefen, ƙarfenta a gicciye da na wuta, don kada maganaɗisun waccan ya shiga wannan. ECC83 da makunnin ƙara da wurin shigar sauti su yi nesa da taransifomar wuta iyakar yadda akwatin ya bari.

Soket biyun EL84 su kasance kusa, amma ba manne ba: santimita 5 zuwa 6 daga tsakiya zuwa tsakiya. In sun matsu za su riƙa gasa juna, in sun yi nisa wayoyin haɗinsu za su yi tsawo, kuma doguwar waya ita ce abincin kaɗawa. Ka juya su fuska ɗaya, ƙafa ta 2 tana kallon ECC83, ƙafa ta 7 tana kallon taransifomar fita. Ka huda ƙananan ramuka kewaye da kowane soket da kuma a murfin ƙasa don iska ta ratsa.

Wayar ƙasa ta filogi, mai kore da rawaya, ta samu kusarta ita kaɗai a jikin akwati kusa da inda wuta ke shigowa, a kankare wurin a ɗaure tamau. Fis da maɓalli a kan waya mai wuta.

Hita da farko

Hita ake fara yi domin wayarta ce ke kwanciya a ƙasan komai. Ka murɗa wayoyi biyu sosai kamar igiya, ka bi da su ta lungun akwati. A EL84 ƙafa ta 4 da ta 5 ne. A ECC83 ka haɗa 4 da 5 wuri ɗaya su zama gefe ɗaya, ƙafa ta 9 ta zama ɗaya gefen. Fara daga taransifoma zuwa EL84, ECC83 ta zo ƙarshe. Daga kowace wayar hita ka sa om 100 zuwa ƙasa. Mantawa da waɗannan biyun yana kawo gurnani mai ƙarfi da za ka yi ta nema a wani wuri.

Sashen wuta

Dayod huɗu a haɗin gada, fitarsu ta shiga 47µF ta farko. Daga nan cok, sai 100µF, tare da 220k a gicciye da ita don ta riƙa zubar da wuta bayan an kashe. Wannan mahaɗa ita ce ta farko, wajen 275V, kuma ita ke ciyar da taransifomar fita. Daga ita 2.2k mai wat 2 zuwa 47µF ta biyu: mahaɗa ta biyu ke nan, wajen 250V, ta ragogi na biyu. Daga nan 22k zuwa 22µF: mahaɗa ta uku, wajen 230V, ta ECC83.

Kada ka maye gurbin cok da rezista don tsimi. A amfilifayar tura-ja rabi biyun suna soke gurnanin wuta a tsakaninsu. A nan babu mai soke wa wani komai. A kan kafasita ta farko wutar tana rawa da fiye da 20V, cok da 100µF ne ke sauko da ita kusan ninki 200.

Batun ƙasa kuma, ka shimfiɗa waya mai kauri guda ɗaya, ka jera mata kaya bisa tsari: ƙafar kafasita ta farko tare da dayod a can ƙarshe, sai 100µF, sai katod na EL84 da kafasitar raga ta biyu, sai kayan ECC83. Wannan wayar ta taɓa jikin akwati a wuri ɗaya kawai, kusa da shigar sauti.

ECC83

Rabinta ɗaya ya isa. Sauti ya shiga makunnin ƙara, ƙafar tsakiya ta bi ta 10k zuwa ƙafa ta 2, da 1M daga gaban 10k ɗin zuwa ƙasa. Ƙafa ta 1 ta bi ta 100k zuwa mahaɗa ta uku. Daga ƙafa ta 3, 1.5k tare da 100µF a gicciye da shi, sannan om 100 daga ƙarƙashinsu zuwa ƙasa. Ka lura da wurin da 1.5k ya haɗu da om 100, za mu dawo gare shi. Ƙafafu 6, 7 da 8 na rabin da ba a amfani da shi a kai su ƙasa.

Daga ƙafa ta 1, kafasitar 47nF ta ɗauki sauti zuwa wata mahaɗa da za ka kafa a tsakiyar soket biyun EL84. Daga wannan mahaɗar 330k ya sauka ƙasa. EL84 ɗaya mai rezistan katod yana yarda da har 1M a nan, biyu kuwa kada a wuce 500k, shi ya sa muka tsaya a 330k.

Haɗa tagwayen

Nan ne zuciyar aikin, a yi shi a natse. Ƙafafun EL84: 2 raga ta ɗaya, 3 katod, 4 da 5 hita, 7 faranti, 9 raga ta biyu. Ƙafafu 1, 6 da 8 a bar su fanko. Suna da jan hankali a matsayin wurin rataya rezista, amma a wasu bawul ɗin an haɗa su da wani abu ta ciki, kuma ranar da ka canza bawul sai ka ga hayaƙi.

Raga ta ɗaya: daga mahaɗar tsakiya, 2.2k ɗaya zuwa ƙafa ta 2 ta bawul na hagu, wani 2.2k zuwa ta na dama. Jikin rezistan ya zauna a kan ƙafar soket, wayarsa ta wannan gefen kada ta wuce milimita 5. Idan ka sa shi can nesa ka jawo waya zuwa ƙafar, daidai yake da ba ka sa ba. EL84 bawul ne mai saurin amsawa, canjin 1V a raga yana motsa fiye da 11mA a faranti. Biyu a haɗe, da 'yar wayar da ke tsakaninsu, sun isa su zama na'urar watsa rediyo. Rezistan da ke bakin kowace raga shi ke kashe wannan tun bai tashi ba.

Raga ta biyu: haka nan, om 220 a kan ƙafa ta 9 ta kowanne, sannan su haɗu su tafi mahaɗa ta biyu.

Faranti: ƙafa ta 7 da ƙafa ta 7 a haɗa da gajeriyar waya mai kariya mai kyau, wayar taransifomar fita ta sauka a tsakiyarta. Ɗaya wayar naɗin farko ta tafi mahaɗa ta farko. Wayar faranti kada ta bi kusa da ta raga; in dole su haɗu, su gitta juna.

Katod: kowane bawul da nasa om 150 da nasa 220µF, daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa, gefen kafasita mai alamar ƙari yana kallon katod. Za ka ga zane-zane da yawa da suka haɗa katod biyun suka sa rezista ɗaya na om 75 ko 68. Yana aiki, amma ga abin da ke ɓoye a ciki. Rezistan katod shi ne linzamin bawul: in ya ja wuta da yawa, ƙarfin da ke kan rezistan ya hau, ya mayar da shi baya. Idan linzamin ɗaya ne na su biyu, jimlarsu kawai yake gani. Mai ƙarfi ya ja 60mA, mai rauni ya ja 40, rezista ya ga 100 ya ce lafiya lau, alhali ɗaya yana ƙonewa. Mafi muni, ranar da ɗaya ya mutu ko ƙafarsa ta saki a soket, wanda ya rage shi kaɗai a kan om 75 zai haura 70mA, wajen wat 17 a farantin da iyakarsa wat 12. Da rezista daban-daban, mutuwar ɗaya ba ta jan ɗan'uwansa, kuma kana iya auna kowanne shi kaɗai. Kuɗin ƙarin rezista ɗaya da kafasita ɗaya bai kai a yi ta mahawara a kansa ba.

Kafasitocin katod a ɗan janye su daga jikin rezistan da soket, zafi ne ke busar da su. Dalilin zaɓar 220µF maimakon ƙarama shi ne, ta fuskar kafasitar, katod ɗin kansa yana rage om 150 zuwa wajen om 55, don haka 47µF za ta fara yanke ganga tun daga wajen haz 60, wato kaɗawa 60 a daƙiƙa.

Naɗin sifika: waya ɗaya ƙasa, ɗaya zuwa jan maƙalin sifika. Rezistan 4.7k na mayar da sauti baya ka ajiye shi tukuna, kada ka liƙa.

Kunnawar farko

Ka bi bayanin da ke sama da biro, waya bayan waya, kana kwatanta da abin da ke cikin akwatin. Duba fuskar kowane dayod da kowace kafasita. Auna daga mahaɗa ta farko zuwa ƙasa: mita ta fara ƙasa ta yi ta hawa. In ta tsaya kusa da sifili, akwai inda waya ta taɓa.

Ka haɗa kwan fitila mai zare na wat 100 a kan hanyar waya mai wuta, yadda duk wutar da za ta shiga amfilifayar sai ta ratsa shi. Kwan LED ba ya wannan aikin. Kunna ba tare da bawul ba: kwan ya yi walƙiya ya dushe. Hita ta nuna 6.3V ko ɗan sama, mahaɗa ta farko wajen 310V tunda babu mai ja. In kwan ya tsaya da haske, kashe nan take.

Kashe, zare filogi, ka sauke wutar kafasita ta rezistan 22k mai wat 5 da aka ɗaure a wayoyi masu kariya, ka tabbatar da mita cewa ta sauka ƙasa da 10V. Kada ka yi da sukudireba. Wannan za ka maimaita duk lokacin da hannu zai shiga ciki.

Yanzu sa bawul, ka haɗa sifika ko rezistan om 8 mai wat 20. Amfilifayar bawul ba a kunna ta babu kaya a bakinta: in sauti ya shiga, naɗin farko yana harba ƙarfin da ke huda kariyar taransifoma ko ya yi tartsatsi a soket. Maƙala baƙar wayar mita a jikin akwati, ka auna da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu. Idan komai ya yi daidai da kwan, cire shi ka kunna kai tsaye, ka jira minti goma, sannan ka karanta: mahaɗa ta farko 270 zuwa 285V, ƙafa ta 7 wajen 260V, ƙafa ta 9 wajen 250V, ƙafa ta 3 ta kowane EL84 tsakanin 7.0 da 7.8V, ƙafa ta 1 ta ECC83 140 zuwa 170V, ƙafarta ta 3 1 zuwa 1.3V, mahaɗar 330k sifili.

Ga yadda za ka san ko bawul yana cikin iyakarsa. Ka ce katod ya nuna 7.5V. Raba da 150, ka samu 50mA. Faɗuwar da ke kan om 220 ta raga ta biyu in ta kai 1.1V, 5mA ke nan. Cire shi, saura 45mA. Faranti 260 a cire 7.5, saura kusan 252V. A ninka da 0.045, wat 11.3. Yana ƙasa da 12, amma ba da nisa ba. A unguwar da wuta ke yawan haura 240V, ka mayar da rezistan katod om 180. Kowane bawul zai sauko wajen wat 10, ka rasa ɗan ƙarfi kaɗan, ka samu tsawon rai. Yi wannan lissafin ga kowane bawul daban. Bambancin katod biyun in bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, babu damuwa. In ya wuce, musanya musu soket: in bambancin ya bi bawul, bawul ne, in ya tsaya a soket, rezista ne ko liƙin dalma.

Mayar da sauti baya

Ba tare da wannan ba sautin zai fito da ƙarfi, amma ganga sakwa-sakwa, sama kuma da kaifi, domin bawul irin wannan ba ya riƙe sifika da kyau shi kaɗai. Kashe, sauke wuta, ka liƙa 4.7k daga jan maƙalin sifika zuwa mahaɗar 1.5k da om 100. Kunna da ƙara a ƙasa, yatsa a kan maɓalli. In ƙara ta ragu sosai, sautin ya tsabtata, daidai ne. In ta fashe da ihu ko fito, kashe nan take ka sauke wuta, ka musanya wayoyi biyu na naɗin farko na taransifomar fita. Da wannan rezistan an rage ƙarfin ɗagawa kusan ninki uku, kuma 0.3V ya isa ya cika amfilifayar, abin da wayar hannu ko kwamfuta ke bayarwa cikin sauƙi. Idan daga wayar hannu za ka ɗauko hagu da dama zuwa layi ɗaya, kowanne ya bi ta 1k kafin su haɗu.

In wani abu ya ƙi

Faranti ya yi ja, a duba a ɗaki mai duhu. Fara da mahaɗar 330k: in ta nuna wuta ko da rabin bolt ne, cire EL84 biyun ka sake aunawa. In tana nan, 47nF ce ke yoyo, in ta ɓace, ɗaya daga bawul ɗin ne ya lalace. Sai kafasitar katod, wadda in ta haɗe ta ciki ko aka juya ta, katod zai nuna kusan sifili.

Kaɗawar da ba a ji tana da alamunta: ƙarfin katod yana canzawa in ka kai hannu kusa ko ka motsa waya da sanda, sauti yana tsagewa a wasu wurare kawai, om 220 yana zafi, rediyon da ke kusa yana shan hayaniya. Gajarta wayoyi, ka ɗaga 2.2k na raga ta ɗaya zuwa 4.7k, in ta ƙi ka sa om 22 a kan ƙafa ta 7 ta kowanne kafin su haɗu. In kaɗawar ta zo ne bayan an liƙa 4.7k na komawa, ɗan kafasita na 220pF zuwa 470pF a gicciye da shi yakan kwantar da ita.

Gurnani iri biyu ne. Mai kauri na ƙasa-ƙasa, haz 50, daga hita ne ko maganaɗisun taransifoma. In ka ji shi daga kunnawa tun bawul bai yi zafi ba, taransifomomin ne ke magana da juna, sai a juya ko a nisanta ta fita. Mai ɗan tsini, haz 100, daga sashen wuta ne: kafasita ta gaji, ko an ɗaure ƙasan ECC83 kusa da na dayod. In gurnanin yana tashi da makunnin ƙara, ta wurin shigar sauti yake zuwa, a sa waya mai garkuwa a kai garkuwar ƙasa ta gefe ɗaya.

Sauti yana bugawa a hankali kamar injin niƙa daga nesa: duba 22µF da 22k, sannan ka rage 47nF zuwa 22nF.

Wutar gida ma tana da nata. Hita tana son zama tsakanin 6.0 da 6.6V, ƙasa da haka sauti ya raunana kuma katod ya lalace a hankali, sama da haka bawul ya tsufa da wuri. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ta wat 500 ta wadatar, tunda duk amfilifayar ba ta cin fiye da wat 60. Ƙaramin janareto da inbata mai arha suna sa taransifomar wuta kuka da zafi. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, kashe maɓalli ka ba shi minti ɗaya kafin ka sake kunnawa.

Bayan sa'o'i 20 na aiki ka sake auna katod biyun, domin sabon bawul yana ɗan zamewa a farko, sannan ka rubuta lambobin a takarda ka manna a cikin murfin ƙasa. Duk bayan wata shida ka kwatanta. Ranar da ɗaya ya faɗi da fiye da 1V daga abin da ka rubuta, ka canza su biyun tare.